Yadda Ake Renon Shukar Agabe a Tukunya a Ƙasar Wudil

Mutanen Wudil mutanen bakin kogi ne, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da iyayensu suna su, suna fito, suna noman lambu a fadama. Kuma tun shekarar 1974 da aka gama madatsar ruwa ta Tiga, kogin da a da yakan janye da rani ya bar yashi a fili, sai ya zama ba ya yankewa har shekara ta kewayo. Saboda haka abin da hannun ɗan Wudil ya saba da shi a sha'anin shuka shi ne ban ruwa, domin tumatir yana so, albasa tana so, har ya zama a wurinmu duk tsiron da ya nuna alamar rashin lafiya, ba a tunanin wani magani sai a ɗauko guga. To, ga shi wata baƙuwar shuka ta shigo mana wadda wannan sabo namu shi ne ajalinta, kuma ita ce nake nufin in yi bayanin renonta gwargwadon abin da Allah Ya hore, domin na ga mutane, musamman ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a garin nan a 2001, wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Dangote, suna sayo ta daga masu sayar da furanni na bakin titunan Kano, su kawo ta ɗaki da murna, kafin damina ta fita sai ka tarar da ita a juji ta ruɓe.

Sunanta agabe. Ba ta da reshe, ganyaye ne kawai masu kauri suke fitowa daga gindi ɗaya suna kewaye juna a jere, kowanne ya ƙare da ƙaya guda mai tsini, yawancinsu kuma da ƙananan haƙora a gefe. Asalinta daga ƙasar Meksiko ne da kudu maso yammacin Amurka da tsibiran da ke kusa, inda ake da irinta fiye da 200. Sifaniyawa ne suka haye teku da ita zuwa Turai a ƙarni na 16, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin kuma, Linnaeus, ya shigar da ita cikin jerin halittu da wannan suna a 1753. Wadda ta fi shahara a Afirka ita ce sisal, da ake fitar da zarenta ana tufka igiya, kuma labarin shigowarta ya isa hujja a kan juriyar wannan dangi: a 1893 wani Bajamushe, Richard Hindorf, ya sa aka yi masa jigilar 'ya'yanta 1,000 daga Fulorida, 62 kaɗai suka isa gaɓar Tanganyika da rai, amma daga waɗannan ne aka cika gonakin ƙasar, har ta zo ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da sisal a tsakiyar ƙarni na 20.

Amma ba kowace agabe ce ta dace da tukunya ba. Waɗanda aka fi gani a ƙofar ma'aikatu da gidajen mai, masu ganye shuɗi-shuɗi ko masu ratsin rawaya a gefe, tun suna ƙanana suna da ban sha'awa, alhali ƙatta ne a asalinsu, cikin 'yan shekaru sun fasa tukunya sun tare hanya. Ƙananan su ne abin nema. A cikinsu akwai wadda masana ke kira Agave victoriae-reginae, da aka raɗa wa sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1875, dunƙulalliya, koriya mai duhu, da fararen layuka a jikin kowane ganye, wadda ko ta shekara goma da wuya faɗinta ya wuce kamu ɗaya. Akwai kuma Agave potatorum mai launin toka da gajeren ganye faffaɗa. Da yake mai sayar da furanni ba lallai ne ya san waɗannan sunaye ba, hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙe shi ya nuna maka uwar da aka ciro 'yar daga gindinta, domin girman uwa shi ne girman da 'yarta za ta kai. Ka zaɓi mai taurin ganye, wadda tsakiyarta ke a tsuke. Wadda take rawa a cikin leda, ko gindinta ya yi laushi, bar masa abarsa ko da ya rage maka kuɗi.

Wajibi ne kuma in ja kunne kan wata mas'ala tun kafin mu yi nisa. Akwai masu ɗaukar agabe a matsayin kabar giwa, ko 'yar'uwarta alobera wadda mata ke shafa ruwanta a fata da gashi, saboda kamannin da ke tsakaninsu daga nesa, alhali ba su ma haɗa dangi ba. Ganyen kabar giwa in ka karya shi yakan ɓalle nan take ya fid da ruwa mai yauƙi. Na agabe kuwa sai dai ya lanƙwashe, domin cike yake da zare, kuma ruwansa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci har da bororo, a jikin wanda ya taɓa. Kada a shafa, kada a sha, kada a bari ya shiga ido. In ya taɓa fata a wanke da sabulu da ruwa mai yawa.

Wanda yake son ya iya renon wata halitta, ya kamata ya fara sanin ɗabi'ar da Mahalicci Ya gina ta a kai, domin duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga nan suka tsiro. Kowane ganye yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, da yake shaƙar iska ta cikinsu, kuma galibin tsirrai da rana suke buɗe su, a daidai lokacin da zafi ke zuƙe ruwan jikinsu ta nan. Shi ya sa ganyen kabewa yake langaɓewa da azahar ko da an ba shi ruwa da safe. Agabe kuwa Allah cikin hikimarSa Ya juya mata al'amarin: tana rufe ƙofofinta da rana, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ta buɗe ta ɗebi abin da take bukata, ta adana shi cikin ganye a matsayin wani ruwa mai tsami, in gari ya waye ta sarrafa shi da hasken rana ya zama abinci alhali ƙofa tana kulle. Bayan wannan, kowane ganye nata salka ce cike da guzurin watanni. Saiwoyinta kuma ba sa nutsawa can ƙasa, suna bazuwa ne kusa da sama domin su cafke yayyafi kafin ya bushe, kuma an halicce su ne don ƙasar da ke jiƙa yau ta bushe jibi. In suka daɗe cikin laima sai su rasa iska su mutu, ruɓa ta hau ta kama gindi. Wannan ita ce illar da ke kashe mafi yawan waɗanda ke mutuwa a hannunmu.

Abin farin ciki shi ne duk kayan da wannan baƙuwa ke bukata Allah Ya tara su a Wudil. Na farko tukunya. Tukunyar ƙasa ta maginanmu, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, ta fi ta roba da ta ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma dalilin shi ne wanda ya sa ruwan randa ke sanyi: jikinta yana tsattsafo, iska tana ratsa shi, saboda haka ƙasar ciki tana bushewa ta kowane gefe, saiwa kuma ba ta dahuwa da bazara. A zaɓi mai faɗin baki, marar zurfi sosai, wadda ta ɗara shukar da yatsa biyu ko uku kawai a kewaye, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da babu saiwar da za ta sha shi. Sharaɗin da babu sassauci a cikinsa shi ne huda a gindi, wadda babban yatsa zai shiga. Abin da ya fi shi ne ka je wurin magina su huda maka tun yumɓu yana ɗanye, kafin gashi. In kuwa gasasshiya ka saya ranar Juma'a a kasuwa, to ka jiƙa ta ta kwana, ka kife ta a kan yashi, ka sa ƙusa kana bugawa sannu-sannu har ta ɓule.

Na biyu ƙasa, kuma a nan ne nake so a dakata a fahimta da kyau. Baƙar ƙasar fadama, wadda manomin lambu zai yi alfahari da ita, guba ce ga agabe, domin tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, in ta bushe kuma ta daskare. Haka nan rairayi mai laushi, irin wanda iska ke tarawa a gindin katanga, yana toshe kafofin ƙasa maimakon ya buɗe su. Abin da ake so shi ne yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, irin wanda masu tipa ke lodi suna kai wa masu gini a birni. A tankaɗe shi a zubar da garin, a wanke abin da ya rage har ruwan ya fito garau. A auna mudu biyu na wannan, da mudu ɗaya na ƙasar tudu ta gona, da mudu ɗaya na tsingaro ko jan bulo haɗe da gawayi, an farfasa su sun koma girman ƙwayar gyaɗa. Taki kuwa cikin tafi ɗaya ya isa ga wannan awo duka, kuma ya zama tsohon kashin shanu wanda ya shekara ya koma gari, babu wari babu ɗumi. Ɗanyen da aka kwaso daga kasuwar kara makon jiya yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. In an cuɗanya sai a gwada: a yayyafa ruwa, a damƙa a matse, a buɗe hannu. In ya tsaya a dunƙule da shatin yatsu, a ƙara yashi. In ya wargaje da kansa, to ya yi.

Wajen dasawa, a kife tsingaro guda bisa hudar don kada ƙasa ta zube, a cire shukar daga ledar da ta zo a ciki, a karkaɗe tsohuwar ƙasar da ke jikin saiwarta gaba ɗaya, a yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta zama holoƙo. Sannan a zaunar da ita yadda ganyenta na ƙasa zai kasance a sarari, domin wuyan agabe in aka binne shi ruɓewa yake yi, a shimfiɗa tsakuwa kaurin yatsa a sama, a tura ta har ƙarƙashin ganye. Daga nan sai abin da ya fi wuya ga ɗan bakin kogi, wato a hana ta ruwa. A bar ta a inuwa mai haske mako guda cur, raunukan saiwa su warke, sannan a yi mata ban ruwa na farko.

Game da mazauni, gaskiyar magana ita ce ɗakunanmu, da ƙananan tagoginsu da labulayensu, sun yi wa agabe duhu, ko da a idonmu akwai haske. Shuka ce ta fili, tana bukatar rana ta same ta awa biyar ko shida a yini, saboda haka muhallinta na gaskiya shi ne baranda ko dakalin tsakar gida; wanda kuma yake son ganinta a falo ko bisa teburin ofis, to ya ajiye biyu yana musanya su mako-mako, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Mafificin wuri shi ne mai fuskantar gabas, wajen alƙibla, inda za ta sha hantsi har kusan azahar sannan inuwar gini ta rufe ta. A kuma sani cewa a daidai inda Wudil take, rana tana karkata kudu tun daga ƙarshen Agusta har Afrilu, sannan ta ɗan koma arewa a watannin da suka rage, don haka gindin katangar da ke da rana da kaka yana iya zama inuwa da damina. Alamar ƙarancin haske ba ta ɓuya: ganye ya koɗe, ya yi tsawo ya sirance, tsakiyar da take a tsuke ta baje, kuma abin da ya miƙe haka ba ya komawa. Amma kada a ɗauko wadda ta saba da inuwa a jefa ta tsakiyar ranar Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, domin za ta ƙone ta yi farin tabo wanda ba ya gogewa. A riƙa ƙara mata rana kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, a kuma ɗaga tukunyar daga kan siminti, wanda da la'asar ko tafin ƙafa ba ya iya taka shi.

Yanzu sai ban ruwa, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa israfi da ruwa makaruhi ne ko da mutum a bakin kogi yake alwala, kuma agabe tana cikin halittun da ke tilasta wa mai su aiki da wannan ladabi. Wasu in sun ji an ce ba ta son ruwa sai su riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan kullum, wannan kuwa yana jiƙa wuya ne ya bar saiwa da ƙishi. Ƙa'idar ita ce a ba ta ta ƙoshi, a zuba a hankali a kewayen gindi har ruwa ya fito ta huda, sannan a ɗauke hannu gaba ɗaya har sai ƙasar ta bushe tun daga baki har gindi. Kuma ba a sanin haka da duban sama, domin saman tukunya a ƙasarmu yana bushewa cikin yini ɗaya alhali cikinta jagab yake. A sami tsinken tsintsiya ko siririn kara busasshe, a soka shi har gindin tukunya, a bar shi ɗan lokaci, a zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a jira, in ya fito fes, a ƙara kwana ɗaya ko biyu sannan a ba ta. Wanda ya saba, ɗaga tukunyar kawai zai yi, nauyinta ya gaya masa. In mutum yana shakka, to ya jinkirta, domin agabe mai ƙishi tana farfaɗowa cikin 'yan kwanaki, wadda ta ruɓe kuwa sai an yi da gaske.

Bisa ƙiyasi, a ƙaramar tukunyar ƙasa, da bazara za a iya ba ta sau ɗaya a mako, da sassafe ko da la'asar sakaliya, banda tsakar rana lokacin da tukunya ta ɗau zafi. Da hunturu, ko da yake iska busasshiya ce tana tsage leɓe, shukar tana rage aiki saboda sanyin dare, don haka sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar. Amma a kowane hali hukuncin tsinke shi ne abin bi. Kada a zuba ruwa a tsakiyar ganye inda sababbi ke fitowa, in ya taru a nan a karkata tukunyar ya tsiyaye. Ruwan sama da aka tara ya fi kowanne, na rijiya mai zartsi yana barin farin gishiri a bakin tukunya, na wanki da wanke-wanke kuwa kada su kusance ta. Akwai kuma wata ɓoyayyiyar hanya da ruwa ke kashe ta a gidajenmu, wadda mai shukar ba ya ankara da ita: in aka ajiye tukunya kusa da wurin alwala, maigida ya idar ya juye mata sauran ruwan buta, uwargida ta yi haka, yara su yi, kowa da kyakkyawar niyya yana neman lada, sau biyar a yini. A nisanta ta da wurin, a kuma sanar da mutanen gida cewa mutum ɗaya ne ke da alhakin ba ta ruwa.

Lokacin da ya fi hatsari a shekara shi ne marka. Ruwan da ke sauka a ƙasar Kano wajen milimita 800 ne ko sama da haka a shekara, kuma kusan sulusinsa a watan Agusta kaɗai yake zuba, ga gajimare, ga laima, rana ba ta fitowa ta busar da komai. Ruwan farko na Mayu da Yuni alheri ne gare ta, yana wanke mata ƙurar rani, a lokacin ne ma take girma sosai. Amma daga tsakiyar Yuli har farkon Satumba a janye ta ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda haske ke isa ruwa ba ya dukanta, a ɗora tukunyar bisa duwatsu uku yadda huda za ta sami iska. Mafi munin wuri shi ne ƙarƙashin indararo ko bakin kwano, inda ruwan rufi duka ke zubowa cikin zuciyarta.

Ya kamata mai reno ya iya rarrabe alamomi, don kada ya yi wa lafiya magani ko ya ƙyale cuta. In ganyen ƙasa ɗaya-ɗaya ya bushe ƙamas, wannan tsufa ne, a jira ya bushe sarai a ja shi ya fita. In ganye ya yamutse ya ɗan lanƙwaso ciki alhali yana da tauri, ƙishi ne. Amma in ya yi rawaya daga tushe, ya yi laushi, ka ja shi ya zare ba wuya, ga wani wari, to ruɓa ce, kuma ba a kwana da ita. A tumɓuke shukar nan take, a zubar da ƙasar, a sa wuƙa mai kaifi wadda aka goge da sifirit ko aka gasa a wuta, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai ga farin nama mai tsabta, a barbaɗa garin gawayi, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa mako ɗaya ko kwana goma, ba ƙasa ba ruwa, sannan a mai da ta cikin sabon haɗi busasshe. Muddin tsakiyarta na da tauri, da yardar Allah za ta fid da sabuwar saiwa; in tsakiyar ce ta zare, ta tafi, sai dai a duba gindi ko ta bar 'ya'ya.

Sauran abokan gabanta kaɗan ne. Akwai wani ɗan ƙwaro mai lulluɓe da farin gari wanda ke maƙalewa a matsatsin ganye yana tsotsa, kuma in ka ga kiyashi na hawa da sauka a jikin shuka, to shi suke kiwo. A goge shi da auduga da sifirit, ko a fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, a maimaita bayan mako. Gara tana shiga ta huda in tukunya na zaune a kan ƙasa, ɗagawar nan bisa duwatsu tana maganinta. Ƙurar hunturu a kaɗe ta da gashin kaza, kada a goge da tsumma, domin farin kakin da ke kare ganye daga rana in ya goge ba ya dawowa. Abinci kuwa, ɗan tsohon taki a farkon damina ya ishe ta shekara.

Ƙayar bakin ganye ba abin wasa ba ce, tana huda fata ta shiga da zurfi, kuma tukunyar da ke ƙasa daidai take da idon yaro mai rarrafe. Amana ce a wuyan maigida ya ɗora ta inda yara ba sa kaiwa, nesa da hanyar wucewa da inda ake shimfiɗa tabarma. A sa abin yankan farce a datse tsinin kawai ba tare da an taɓa koren ganye ba, ko a yanka totuwar kara gutsi-gutsi a soka a kan kowace ƙaya. Mai aiki da ita kuma ya naɗe ta da tsohon buhu kafin ya kama.

Wanda ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa, in ya durƙusa da hantsi ya dubi ganyenta da kyau, zai ga abin tadabburi: a jikin kowane ganye mai haƙora akwai zanen haƙoran ɗan'uwansa, jere reras, wanda ya samu tun suna naɗe tare a matse cikin tsakiya kafin su buɗe, kuma wannan shati yana nan daram har ganyen ya tsufa. Ba ta sauri, a shekara 'yan ganyaye kaɗan za ta ƙara, kuma sau ɗaya tak take fure a rayuwarta. Turawa a da sun ɗauka sai ta shekara ɗari, amma a haƙiƙa tsakanin shekara 10 ne zuwa 30, gwargwadon iri da wuri. In lokaci ya yi sai wani kara ya ɓullo daga tsakiyarta ya yi ta tashi har ya fi mutum tsawo, ko da ita ƙarama ce, ta zuba masa duk abin da ta tara, ya yi fure, sannan uwar ta bushe, kuma babu dabarar da ke mai da ita in wannan ya fara. Sai dai galibin ire-irenta kafin wannan rana sun daɗe da fid da 'ya'ya a kewayen gindi, ko da yake mai sunan Sarauniya takan yi rowarsu.

Cire 'ya yana da lokacinsa. A bari ta kai tsawon yatsa, ta yi ganye huɗu ko biyar, in da hali ta fara saiwarta. Lokacin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne cikin Yuni, bayan zafi ya karye kafin marka, ko kuwa da kaka cikin Oktoba, kuma a nan ne ake sauya wa uwar tukunya da ƙasa, sau ɗaya a shekara biyu ko uku, in saiwa ta fara leƙowa ta huda. A zazzage uwar, a bi jijiyar da ta haɗa su a yanke da wuƙa mai tsabta, a shafa garin gawayi a raunukan biyu, a ajiye 'yar a inuwa kwana uku zuwa biyar har bakin yankan ya yi ɓawo, sannan a dasa ta a ƙaramin kasko mai huda. Bayan wata ɗaya ko biyu, in ka ja ta a hankali ka ji ta riƙe, to ta kama.

Tukunya ɗaya cikin 'yan shekaru takan wadata gida har a ba maƙwabta. Roƙona ga duk wanda zai yi kyautar 'yar agabe shi ne kada ya miƙa ta haka nan a hannu; ya haɗa wa mutum da ƙullin yashi da tsingaron da zai dasa ta a ciki, ya nuna masa yadda ake soka tsinke, ya kuma gaya masa baki da baki cewa kada ruwa ya taɓa ta sai mako ya kewayo.